Gyaran da Fasinja Ke Bari a Kan Kanta

Idan ka sayi mudu goma na gero, ba ka barin gaban mai awo sai ya yi maka gyara. Ko bai yi niyya ba za ka tsaya, ka riƙe bakin buhu a buɗe, ka zuba masa ido har ya ɗebo tafi ɗaya ya ƙara. Amma mutumin da ba ya yafe wannan tafin a Dawanau shi ne zai ƙirga miliyoyin naira ya yanki tikitin Guangzhou, ya je ya dawo sau uku ko huɗu a shekara, ya bar nasa gyaran a kan kantar filin jirgi ko waiwaye babu. Gyaran nan shi ne abin da kamfanonin jiragen sama ke kira mil: maki ne da ake rubuta wa fasinja duk lokacin da ya hau, in ya taru a ba shi tikitin kyauta, ko a ɗaga masa kujera, ko a ɗaga masa daraja.

Wancan bai san da zancen ba, yana da uzuri. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya sani, ya yi rajista, amma ya yi ta barkatai. Ya hau Ethiopian ya buɗe ShebaMiles. Wata tafiyar tikitin EgyptAir ya fi sauƙi, ya buɗe EgyptAir Plus. Da hanya ta bi da shi ta Istanbul ya ƙara da Miles&Smiles na Turkish Airlines. Shekara biyu ta zagayo yana da asusu uku, kowanne da 'yan dubban mil, babu wanda ya isa ya kai shi ko Alƙahira, kuma ba a juye wani a cikin wani. Ya zama mai zubi a adashi uku wanda ɗauka ba ta taɓa zuwa kansa ba. Alhali kamfanonin nan uku 'yan ƙungiya ɗaya ne. Da tun farko lamba ɗaya yake miƙawa a duk inda ya hau, da ukun a tukunya guda suke zuba masa.

Tsarin ya kankama ne a Amurka. Bayan da gwamnati ta sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, kowa ya sa farashin da ya ga dama, sai aka shiga neman hanyar ɗaure fasinja. A 1981 American Airlines ya fito da AAdvantage, sauran suka bi sahu cikin ƙanƙanen lokaci. Matsalar ita ce babu kamfanin da ke zuwa ko'ina, don haka aka fara ƙulla ƙawance. A 1997 United, Lufthansa, Air Canada, SAS da Thai suka kafa Star Alliance. A 1999 oneworld ta biyo baya da American, British Airways, Cathay Pacific, Qantas da Canadian Airlines. A 2000 Air France, Delta, Korean Air da Aeroméxico suka kafa SkyTeam. Alkawarin da ukun suka yi wa fasinja iri ɗaya ne: ka hau jirgin kowane ɗan ƙungiya, ka ba da lambar asusunka na kowane ɗan ƙungiya, za a rubuta maka.

Ga wanda ke tashi daga Kano, Abuja, Legas ko Yamai, rabon ya kasance kamar haka. EgyptAir da Turkish sun shiga Star a 2008, Ethiopian ya same su a ƙarshen 2011, can kuma akwai Lufthansa da United da South African da Air China. Qatar Airways ya shiga oneworld a 2013, Royal Air Maroc a 2020, suka tarar da British Airways. Saudia yana SkyTeam tun 2012, tare da Air France, KLM, Kenya Airways da Delta, sannan Virgin Atlantic ya shigo a 2023. Emirates da Etihad ba su shiga ko ɗaya ba, suna ƙulla abotarsu ɗai-ɗai: Emirates da flydubai asusu ɗaya suke amfani da shi, wato Skywards. Shi ma RwandAir ba ya cikin ƙungiya, amma tun 2021 akwai yarjejeniyar maki tsakaninsa da Qatar. Babu kamfanin Najeriya ko na Nijar a cikin ƙungiyoyin uku, saboda haka ko da ejan ya haɗa maka Kano zuwa Legas a jirgin gida da Legas zuwa waje a tikiti ɗaya, kada ka sa rai da mil ɗin zangon farko. Yarjejeniyar miƙa fasinja da kaya daban take da yarjejeniyar maki.

Ƙawancen ma ba auren zobe ba ne. China Southern, wanda Guangzhou ce gidansa, ya bar SkyTeam a 2019, abin da ya shafi duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga cikin ƙasar Sin da katin Flying Blue na Air France da KLM a aljihu. SAS, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka kafa Star, ya koma SkyTeam a watan Satumba na 2024. Kenya Airways ya daɗe yana amfani da Flying Blue kafin ya fito da nasa, Asante Rewards, a 2023.

Harafi ɗaya a jikin tikiti

Ƙa'ida ta farko gajeriya ce: tashi ɗaya, asusu ɗaya. Ba a tauna taura biyu. Ba za ka hau Ethiopian ka ce a rubuta maka a ShebaMiles a kuma rubuta maka a MileagePlus na United ba, dole ka zaɓa. Da zarar an zuba a wuri, kwashe shi a mayar wani wurin abu ne mai wuyar gaske, galibi ma ba ya yiwuwa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce mai cin mutane. Yawancinmu mun san jirgi kashi biyu ko uku ne: ikonomi, bizines, wani lokaci da fas kilas. A wurin kamfani kuwa ikonomin nan kaɗai ya kasu fiye da goma, kowane kaso da harafinsa da farashinsa. Y yawanci shi ne ikonomi mai cikakken kuɗi, J shi ne bizines mai cikakken kuɗi, daga nan a yi ta gangarowa da haruffa irin su B, M, H, Q, V, L, T har zuwa mafi araha, ko da yake jerin kowane kamfani daban ne. Mutum biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa, abinci iri ɗaya, bargo iri ɗaya, amma ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Wannan harafi yana cikin takardar tikitin da ejan ke turo maka, kusa da lambar jirgi da ranar tafiya, kuma shi ne ke yanke yawan mil ɗin da za ka samu.

Kowane tsarin maki yana wallafa jadawali ga kowane abokin ƙawancensa: harafi kaza kashi 100 cikin 100 na nisan tafiya, harafi kaza 50, harafi kaza 25, harafi kaza babu komai. Jadawalan ba su jituwa. Harafin da wani asusu zai ba ka rabin nisa a kansa, wani zai ba ka rubu'i, wani kuma ya ce bai san da shi ba. Dalilin kuɗi ne. Mil ɗin da aka rubuta maka ba daga sama ya faɗo ba, kamfanin da ya ɗauke ka ne ke sayen sa daga mai asusun, bisa farashin da su biyun suka daidaita a tsakaninsu. Wanda ya sayar maka da tikiti a kan araha ba zai so ya sake cire wani abu mai kauri daga ɗan abin da ya samu ya miƙa wa maƙwabci ba.

A yi lissafi da hanyar da mutanen Kantin Kwari suka fi sani. Daga Kano zuwa Adis Ababa mil 2,000 ne da 'yan kai. Daga Adis zuwa Guangzhou kusan 5,000. Zuwa da dawowa ya kama kimanin 14,000. Wanda ya yi sawu uku a shekara ya ci nisan mil 42,000 a sama. In harafinsa na cikakken kaso ne, 42,000 ɗin za a rubuta masa. In na rabi ne 21,000, in na rubu'i ne 10,500. A tsarin Turkish, mil 40,000 na matsayi, wato waɗanda ake ƙirgawa don ɗaga daraja, cikin wata 12 ke kai mutum matakin Elite, wanda daidai yake da katin zinare na Star, kuma yana ɗaukar shekara biyu. Ka ga ke nan sawu ukun nan na iya kai mutum ga katin zinaren kamfanin da bai taɓa taka jirginsa ba, suna kuma iya barin sa bai wuce rubu'in hanya da kirki ba. Harafi ne ya raba.

A nan akwai wani abin dariya mai ɗaci. Tsakanin 2022 da farkon 2024, lokacin da kuɗaɗen kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har ƙungiyar IATA ta ce adadin ya haura dala miliyan 800, da yawa daga cikinsu sun rufe haruffan araha ga masu saye da naira. Emirates ma tattara komatsansa ya yi a ƙarshen 2022, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Fasinjan Najeriya ya koma sayen manyan haruffa ba don yana so ba, sai don su kaɗai ke kan tebur. Su ne kuma haruffan da ke ba da mil mafi yawa. Duk wanda ya yi tafiya a shekarun nan bai miƙa lamba ba, ya biya farashi mafi tsada ya kuma bar gyara mafi tsoka.

Ɗan kamasho, mai mota, direba

Wanda ya saba da tasha ya san wanda ya karɓi kuɗinka daban, sunan da ke jikin mota daban, kuma ana iya juye ka a wata motar kafin a tashi. Haka tikitin jirgi yake. Akwai kamfanin da ya yanka tikitin, ana gane shi da lambobi uku na farko cikin goma sha ukun da ke jikinsa: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 235 Turkish, 157 Qatar, 065 Saudia. Akwai kamfanin da harufansa ke gaban lambar jirgi, ET ko MS ko TK ko QR. Akwai kuma wanda jirginsa da ma'aikatansa za su ɗauke ka, ana rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe a ƙasan lambar. Sau da yawa ukun kamfani ɗaya ne. Randa suka bambanta, ranar ake asarar mil.

A Star, abin da aka fi dubawa shi ne wanda ya tuƙa jirgin. ASKY na Lome misali ne da ya shafe mu kai tsaye: Ethiopian na da hannun jari a cikinsa, kuma ana sayar da kujerunsa da lambar ET, amma shi ba ɗan Star ba ne. Mai asusun Turkish ko United da ya ga ET a tikitinsa ya saki jiki, sai daga baya ya tarar zangon da ASKY ya ɗauke shi bai shiga lissafi ba. A oneworld kuwa an fi duba lambar da aka sayar da kujerar da ita. Ko tsakanin 'yan ƙungiya ɗaya, harafin da mai sayarwa ya rubuta maka na iya zama wani harafin dabam a littafin mai jirgin, kuma nasa ake bi.

Sai kuma sauyin da ya shigo daga 2015. A shekarar Delta da United suka daina auna nisa ga tikitin da suka sayar da kansu, suka koma auna kuɗi, mil 5 kan kowace dala ga mamba na ƙasa. American ya bi su a 2016. A 2018 Flying Blue da Miles & More na Lufthansa suka yi haka, Flying Blue yana ba da mil 4 kan kowane yuro a matakin farko, ban da harajin gwamnati. British Airways ya kai abin har kan matsayi a 2025. Amma kamfani ba kullum yake ganin abin da ka biya abokin ƙawancensa ba, don haka jiragen abokai da yawa har yanzu da nisa da harafi ake auna su. Wannan ya haifar da wani abu mai kama da almara: a tafiya mai nisa da tikiti mai sauƙi, wani lokaci asusun baƙo ya fi asusun mai jirgin ba ka.

To wane asusu za a riƙe? Amsar tana ga abin da mutum ke nema, domin mil iri biyu ne ke shiga a kowace tafiya. Akwai na kashewa, wanda ake sayen tikiti da shi. Akwai na matsayi, wanda ba a kashe shi, ana ƙirga shi ne cikin shekara a ga ko ka kai azurfa ko zinare. A ganina, ga ɗan kasuwa na biyun ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Mai katin zinare na Star yana da layinsa daban wajen awon kaya, yana shiga jirgi da wuri, yana zama a falon manyan baƙi shi da baƙo ɗaya ko da tikitin ikonomi ne a hannunsa, akwatinsa kuma na cikin na farkon fitowa. Wanda ya taɓa kwana a kan kujerar ƙarfe a filin jirgin Adis Ababa ko na Alƙahira yana jiran jirgin safe ya san darajar falon nan. Sama da duka akwai ƙarin akwati guda, ko kilo 20 a inda ake awo da nauyi, a kusan dukkan tikitoci. Mai dawowa da kaya ya lissafa abin da yake biya na eksas a sawu ɗaya, ya ninka da sawunsa na shekara, zai ga inda ribar take. oneworld na da Ruby, Sapphire da Emerald, SkyTeam na da Elite da Elite Plus, gatan manyan matakansu kusan iri ɗaya ne da wannan.

Wanda kusan duk tafiyarsa a kamfani ɗaya take, babu dalilin da zai kai kansa nesa, domin kowane kamfani ya fi tattalin 'yan gidansa, musamman wajen ɗaga kujera. Wanda farashi ke juya shi tsakanin Habasha, Masar da Turkiyya, shi ne zai zauna ya dubi tsofaffin tikitocinsa, ya fitar da haruffan da ya saba samu, ya gwada su a jadawalin asusu biyu ko uku. Mai Umara da Dubai da Landan, wanda yau Saudia gobe Qatar jibi Emirates, ba shi da makawa sai asusu ɗaya a kowane ɓangare. A ɓangaren oneworld akwai ɗan sassauci: tun 2022 Qatar ya koma amfani da Avios, makin British Airways da Iberia, kuma ana iya matsar da shi tsakanin asusun mutum ɗaya a waɗannan kamfanoni, ɗaya da ɗaya. Makin kashewa ne kaɗai ke tafiya, na matsayi yana nan inda aka zuba shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙara kuɗi mai yawa a sayi babban harafi don mil kawai. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kamfanonin nan ba sadaka suke yi ba. A 2020, da annoba ta ajiye jirage a ƙasa, United ya ci bashin dala biliyan 6.8 da MileagePlus a matsayin jingina, Delta ya ci na biliyan 9 da SkyMiles, American na biliyan 10 a shekarar da ta biyo. Mil kuɗi ne da kamfani ke bugawa da kansa, ya sayar wa bankuna, ya kuma sa masa daraja da kansa. Delta ya daina wallafa jadawalin farashin tikitin kyauta tun 2015. Turkish ya ƙara nasa farashin sosai a farkon 2024. Wanda ya rayu da naira ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga kuma wa'adi: na United da Delta ba sa ƙarewa, na Turkish suna ƙarewa bayan shekara uku. Tikitin kyautar ma ba kyauta ba ne ɗungurungum, akwai haraji da ƙarin kuɗin kamfani da ake biya, kuma kujerun da ake warewa kaɗan ne, a Ramadan da ƙarshen shekara samun su sai mai rabo.

Jiragen shata na aikin Hajji ba sa cikin wannan lissafi. Tikitin rukuni da kamfanonin Umara ke saye a dunƙule sau da yawa ɗan kaɗan yake bayarwa ko babu. Shi ma tikitin da aka saya da mil ba ya haifar da wani mil. Maigidan da ke biya wa iyali tafiya ya sani cewa mil na wanda ya zauna a kujera ne, ba na wanda ya biya ba, don haka uwargida da yara kowa sai da nasa asusun. Emirates da Air Canada suna barin iyali su haɗa nasu wuri ɗaya har mutum takwas, adadin da a wasu gidajenmu ɗaki ɗaya ma bai ƙare ba. Sayar da mil ga dillali kuwa ya saɓa ƙa'idar kusan kowane tsari, in aka gano ana rufe asusun da abin da ke ciki.

Saura suna, wanda shi ne ya fi kayar da mu. Kwamfuta ba ta san Muhammadu da Mohammed da Muhammad mutum ɗaya ne ba. Ba ta san Alhaji ko Hajiya laƙabi ne ba. Ni kaina na taɓa yin tafiya biyu da ba su shiga ba, saboda a asusun na sa sunan mahaifina a gurbin sunan ƙarshe, a fasfo kuwa sunan garinmu ne a wurin. Ejan ya sa lambar daidai, na'ura ta ga suna biyu ta watsar. A buɗe asusu da fasfo a hannu, a kwafe harafi bayan harafi, kuma a buɗe shi kafin tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. A ba ejan lambar tare da sunan kamfanin da ke da ita, don lambar Turkish da aka shigar a matsayin ta Ethiopian ba ta zuwa ko'ina. A wajen awon kaya a sake tambaya. In ta shiga, za a gan ta a jikin katin shiga jirgi, mai zinaren Turkish zai ga TK*G.

In an sauka mil bai bayyana ba, a ba shi mako biyu, don na abokan ƙawance yakan yi jinkiri. Bayan nan a nema ta shafin mai asusun, ba na mai jirgin ba. British Airways na karɓar irin wannan koke har wata 6 bayan tafiya, United har wata 12. Abin da za su tambaya shi ne lambar tikiti mai lamba 13, ranar tafiya, lambar jirgi, wani lokaci da hoton katin shiga jirgi, wato ɗan guntun kwalin nan da yawancinmu ke bari a aljihun kujera tare da ledar biskit.